Rodin giyar tsohuwar Peugeot: sabo, kwance ko na fiƙa?

Duk 504 a-kori-kura da ke jigilar shinkafa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ko mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega, akwai ranar da sandar giyarta za ta fara lilo kamar muciya a tukunya. Direba ya nemi lamba biyu ya faɗa huɗu, ribas kuwa sai da lallashi. Da yawa a nan suke yanke hukuncin giyabos ya mutu, alhali matsalar tana waje, a rodunan da ke haɗa sanda da giyabos da 'yan kofunan robar da ke bakinsu.

Kafin ka taɓa aljihu, kashe mota, taka kuloci, ka zagaya giyoyin duka. In suna shiga lafiya a kashe amma suna ƙara in inji na aiki, kuloci ne bai saki ba, a duba mai da famfunansa. In giya ɗaya ce kawai ke kuka, zoben tagullar cikin giyabos ne ya cinye. In kuma tana fita da kanta a gargada, a fara da kujerar inji da ta giyabos. Rodi ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

To in ta tabbata rodi ne, abin da na fi yarda da shi shi ne kwance na asali, wanda aka ciro daga jikin wata Peugeot ɗin. An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, don haka gawarwakinta ba su ƙare ba. Ana samu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, wani lokaci ma a bayan garejin unguwa a Gusau. Ƙarfen asali ba ya lanƙwashewa don an finciki giya, lanƙwasar da ke jikinsa kuma an yi ta daidai yadda ba zai gogi jikin mota ba. Nemi mai zare da notin kulle a baki ɗaya, shi ne ke ba da damar saiti. Ka tafi da tsohon naka a hannu, ka jera su, ka auna daga tsakiyar kofi zuwa tsakiyar kofi. Ka kuma faɗi irin motarka dalla-dalla: giyar ƙasa ce ko ta sitiyari, huɗu ce ko biyar. Masu Peugeot 404, wadda ta riga 504 fitowa, su ƙara lura: Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, kayan giyar sitiyari na motocin da suka riga wannan canji juye suke, ba za su hau taka ba.

Raunin kwance ɗaya ne, robarsa ta tsufa kamar taka. Nan masu injin fiƙe ƙarfe ke da amfani. A ba su fil ɗin da bushin, wato 'yar robar bakin rodi, zai zauna a kai su auna, su fiƙe sabo da farar roba mai tauri ko tagulla. Tagulla ta fi daɗewa amma tana kawo karkarwar inji har tafin hannu. Ni roba nake zaɓa. Bushin ya shiga da ɗan matsi, ya juya ba tare da girgiɗi ba.

Mayar da giyar sitiyari ta koma ƙasa aiki ne na yanka bene da walda, ba na ba da shawara ga motar da ake son asalinta. Ɗaurin waya da robar tayar babur kuwa na kai ka gida ne kawai.

Sabo na kwali shi ne inda ake cin mutane. Akwai nagari, amma jabu ya fi yawa, kuma kwalin ba shaida ba ne, hoton zaki kowa na iya bugawa. Ɗauki kofin ka danna shi a kan ƙwallon ƙarfen da yake hawa kai. Na kirki sai an matsa da filaya yake shiga, ka ji ƙas, cire shi kuma sai da sukuddireba. Wanda babban yatsa ya tura ya shige, ranar da ka faɗa rami shi ma zai fice, ka tsaya a hanyar Yawuri da sanda a hannu tana yawo. Karce robar da farce: in ta yi fari tana gari, narkakkiyar roba ce aka sake zubawa, zafin giyabos zai fasa ta cikin 'yan makonni. Gwada notin a kan zaren. In yana rawa tun kafin a ɗaure, zaren zai tsige.

Masu kwancen ma ba waliyyai ba ne. Wani zai cusa guntun leda cikin kofi ya shafe da giris mai kauri don girgiɗin ya ɓuya. Wani ya matse bakin kofin da guduma. Sabon baƙin fenti a kan tsohon rodi yawanci walda yake rufewa, kankare ka gani. Ka ce masa, "Maigida, a wanke mini da fetur in duba." In ya fara hanya-hanya, ga shago na gaba. Kuma a yi magana tun farko cewa in bai hau ba za a dawo da shi.

Wajen ɗaurawa, a sa wa tayoyi dutse, giya a firi, a tabbatar hannayen da ke jikin giyabos ɗin su ma suna firi. Saita sabon rodi daidai tsawon tsohon, daga nan ake farawa. In giya ta ɗaya da ta uku na shiga sosai amma biyu da huɗu rabi-rabi, ko akasin haka, rodin turawa, wato mai shigar da giya, shi ne tsawonsa bai yi ba. In sanda ba ta kai layin ɗaya da biyu ko na ribas, rodin zaɓen layi ne. Sassauta notin kulle, juya rabin zagaye kawai, mayar, gwada duka giyoyin mota a kashe, sannan a sake. Kada a taɓa roduna biyu lokaci guda, za ka rasa wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Zaren da ya rage cikin kofi kada ya gaza kaurin rodin kansa. Giris ɗan kaɗan a cikin kofi, a goge na waje, don ƙurar hunturu in ta haɗu da shi tana cin roba kamar sanfefa. Bayan an ɗaure notin kulle a sake gwadawa, domin ɗaurin kansa yakan ɗan juya kofin, sannan a fita titi a saki totur a kowace giya a ga ko za ta tsaya.