Sharhi kan laccocin Ron Vale a iBiology: yadda ake dakon kaya a cikin jijiya

Ina koyar da darasin aikin sassan jiki, kuma babin da ya fi ba ɗalibaina wuya shi ne yadda kaya ke tafiya a cikin ƙwayar jijiya. Zanen littafi ba ya motsi. Shi ya sa na gwada laccocin Farfesa Ron Vale da ke dandalin iBiology, waɗanda ake kallo kyauta a YouTube, kuma gaskiya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mutumin ganau ne. Shi da Michael Sheetz da Thomas Reese ne suka gano furotin ɗin kainesin a 1985, bayan aiki da ƙatuwar jijiyar sikwid, wata halittar teku, a Woods Hole da ke Amurka. A 2012 Vale da Sheetz da James Spudich suka karɓi lambar yabo ta Lasker.

Abin da ya fi burge ni hoton motsin ne. Za ka ga kainesin da ƙafafu biyu yana takawa a kan siririn bututun da ake kira maikurotubul, kayansa a ka kamar ɗan dako. Kowane taku nanomita 8 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma yana cin ƙwayar makamashi ta ATP guda. Kainesin ke kai kaya daga cibiyar ƙwayar zuwa bakin jijiya, wani furotin ɗin mai suna dainin kuma ya dawo da tsofaffi da waɗanda suka lalace. Jijiyar da ta taso daga ƙasan lakar ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa tana kaiwa mita guda, ga shi yawancin furotin ɗinta can cibiya ake haɗa shi. Nan take ɗaliban suka fahimci dalilin da ya sa wasu cututtukan jijiya ke fara kama ƙafafu: inda tafiyar ta fi nisa, nan aka fi jin jiki idan dako ya samu tangarɗa.

Vale ya fi zurfafawa kan yadda injinan ke aiki, musamman dainin, don haka ɓangaren cuta ni na ƙara wa ɗaliban. Sauyi a ƙwayar gado ta KIF5A, wadda ke samar da wani nau'in kainesin, yana haddasa sanƙarewar ƙafafu ta gado, kuma a 2018 aka danganta shi da cutar ALS, mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka. A cutar mantuwa ta Alzheimer, furotin ɗin tau da ke riƙe bututun ne ke saki ya dunƙule.

Da Turanci ake laccocin. Ta farko kowane ɗalibin jami'a zai bi ta, amma ta dainin sai mai haƙuri, ni ma sai da na riƙa tsayarwa ina komawa baya. Ku sauke su inda intanet ke da ƙarfi kafin shiga aji.