Wane littafin Koriya za ka fara saya kan rabuwar 'yan uwa?

Masu tambaya ta wane littafin Koriya ya kamata su fara saya, to ga ra'ayina, tunda yanzu littafin waje da dala ake lissafinsa ga kuma kuɗin turowa, ba kowa ne zai iya kwasar uku ko huɗu lokaci ɗaya ba. Duk fassarar Turanci nake magana a kai.

An raba Koriya gida biyu, Arewa da Kudu, a 1945, aka gwabza yaƙi daga 1950 zuwa 1953, kuma har yau tsagaita wuta kawai aka sa wa hannu, shi ya sa marubutansu ba su daina rubutu a kan wa da ƙani da aka raba ba.

In kuɗin littafi ɗaya gare ka, wallahi ka sayi The Guest na Hwang Sok-yong, wanda asalinsa na harshen Koriya ya fito 2001. Wani fasto ne, Ryu Yosop, da ke zaune a Amurka zai koma ganin garinsu a Arewa bayan shekaru da yawa, ana saura 'yan kwanaki ya tashi sai yayansa Yohan ya rasu, shi kuma yayan nan da hannunsa a kisan da aka yi a Sinchon a 1950. Gwamnatin Arewa sojojin Amurka take ɗora wa laifin, amma littafin ya nuna maƙwabta ne suka kashe juna, Kiristoci da 'yan gurguzu, mutanen da suka tashi tare suka ci a kwano ɗaya. Fatalwowin waɗanda aka kashe da na masu kisan suna bin Yosop kowa na faɗin nasa, babu wanda aka wanke tas, kuma abin da ya kama ni ke nan. Marubucin ma ya ɗanɗana, don ya je Arewa a 1989 ba da izini ba, da ya dawo gida Kudu a 1993 aka ɗaure shi sai 1998 ya fito. Amma fa akwai zubar da jini sosai, in zuciyarka ba ta ɗauka ka yi hattara.

Mai son labarin ƙawance kuma sai We Do Not Part na Han Kang, wadda ta ci kyautar Nobel a 2024. Inseon tana kwance a asibiti ta yanke yatsu a wurin aikin kafinta, ta roƙi ƙawarta Kyungha ta je tsibirin Jeju cikin dusar ƙanƙara ta ceto mata tsuntsunta kar ya mutu, daga nan labarin ya gangara zuwa kisan da aka fara a Jeju a 1948. Rubutun na da kyau matuƙa, sai dai a hankali yake tafiya kuma wani wurin ba ka gane mafarki ne ko ido biyu, mai gajen haƙuri zai ajiye shi a tsakiya. Fassararsa ta 2025 ce, ya fi sauran sauƙin samu.

The Square na Choi In-hun, 1960, na masu son tunani ne. Fursunan yaƙi ne ya ƙi Kudu ya ƙi Arewa ya hau jirgin ruwa zuwa Indiya. Muhawara ta fi labari yawa a ciki, ni dai ba zan ce ka fara da shi ba.

Sai Cranes na Hwang Sun-won, 1953, wannan gajeren labari ne 'yan shafuka kaɗan, abokai biyu na yarinta, ɗaya an ba shi ɗayan a ɗaure ya raka shi, a hanya suka tuna tsuntsun da suka taɓa kamawa suna yara, sai ya kwance masa igiya. Kar ka wahala neman sa shi kaɗai, cikin tarin gajerun labaran Koriya ake samunsa, kawai ka duba jerin abin da ke ciki kafin ka biya.