My Lottery Dream Home ko House Hunters: wanne ya fi cancantar kallo?

Hajiya, kin tambaya ko shirin nan da ake zagayawa da waɗanda suka ci caca neman gida ya fi House Hunters, kuma me ya sa masu kallonsa ba sa shan inuwa ɗaya a kansa. Duka biyun na tashar HGTV ne ta Amurka, kuma a ido tsarinsu ɗaya: a nuna wa mutum gidaje uku, ya leƙa ɗakuna da kicin da tsakar gida, a ƙarshe ya ɗauki ɗaya. Inda suka rabu shi ne mutanen da ake nunawa, da kuma inda kuɗinsu ya fito.

House Hunters shi ne babba, tun 1999 ake yin sa. Galibi mata da miji ne da dillalinsu, sai wata murya da ke ba da bayani. Shi yana son cikin gari, ita tana son bayan gari, a yi ta ja. Abin da masu kallo suka fi ƙorafi a kai shi ne tsirfa: a shiga gida lafiyayye, mutum ya yatsina fuska don fentin bango bai yi masa ba. Sannan a 2012 wata da ta taɓa fitowa a shirin ta bayyana cewa sun riga sun sayi gidansu kafin a fara ɗauka, sauran biyun kuwa na abokansu ne, ba ma na sayarwa ba. Tashar kanta ta amsa cewa takan nemi waɗanda cinikinsu ya yi nisa. Duk da haka, idan burinki ki ga abin da dala dubu 300 za ta saya a Texas da abin da za ta saya a kusa da New York, nan ne makarantar.

My Lottery Dream Home kuwa a 2015 ya fara, kuma kusan komai nasa ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, David Bromstad, wanda ya lashe gasar masu ƙawata gidaje ta Design Star ta farko a 2006. Mutum ne mai zanen tatu a jiki, mai riguna masu ɗaukar ido, ga ihu ga runguma. Wasu saboda shi suke kallo, sun ce yana taya mutane murna tsakaninsa da Allah, ba ya raina ɗan abin da suka zo da shi. Wasu kuma sun ce hayaniyar ta yi yawa. Wannan ra'ayi ne, kashi biyu kacal za ki kalla ki san ɓangarenki.

Gardamar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi. An buɗe shirin da wasu ma'aurata a Kalifoniya da suka ci dala miliyan 180, sai mutane suka ɗauka kullum fada za a riƙa nunawa. Ashe mafi yawan masu zuwa miliyan ɗaya ko biyu suka ci, da yawansu ta katin nan da ake kankarewa kamar katin waya, wanda ake saya a gidan mai ko shagon unguwa. Sai ki ji ana cewa: wannan ne gidan mafarkin? Ɗaki uku da ɗan fili? Masu wannan magana ba su yi lissafi ba. Kafin kuɗin ya shiga hannu gwamnatin tarayya ta cire kashi 24 cikin ɗari, kuma lokacin biyan haraji ana iya hawa har kashi 37 a kan saman kuɗin. Wasu jihohin ma da nasu rabon, ko da yake Florida da Texas ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Miliyan ɗayan nan takan koma wajen dubu 700 ko ƙasa da haka. A manyan cacar irin Powerball da Mega Millions, adadin da ake shela na wanda ya yarda a biya shi kaɗan-kaɗan sau 30 ne cikin shekara 29. Mai son nasa a dunƙule ƙasa da haka sosai zai karɓa. Kuma a Amurka sayen gida ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa makulli. Akwai harajin gida duk shekara, akwai inshora, wadda a Florida ta yi tsada saboda guguwa, wasu unguwannin kuma da kuɗin ƙungiyar masu gidaje duk wata. Wanda ya tsaya a gidan dala dubu 300 ya ajiye saura, ni a wurina shi ne mai hankali, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Nan ne ma shirin ya fi ɗan'uwansa taɓa zuciya. Sau da yawa za ki ga dattijuwar da ta ƙare rayuwarta a gidan haya, abin da take nema bai wuce ɗakin da jikoki za su kwana ba, da baranda, da kusanci da 'yarta. A buɗe mata ƙofar kicin ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo. A House Hunters da wuya ki ga irin wannan godiya.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Caca ce, kuma mun san hukuncinta a wurinmu. Ko an ajiye maganar addini, shirin fuskar wanda ya ci kawai yake nunawa. Amurkawa suna kashe sama da dala biliyan 100 a shekara wajen sayen tikiti, damar cin babbar kyautar Powerball kuwa ɗaya ce cikin kusan miliyan 292. Waɗanda suka zuba wannan kuɗin suka tashi a tutar babu, kyamara ba ta zuwa gidajensu. Wasu masu kallo a can ma sun faɗi haka, sun ce talla ce ake yi wa caca da murmushi, kuma ban ga ƙaryarsu ba. Yanzu da shagunan cacar ƙwallo suka cika mana unguwanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke zaune kusa da ke a falo.

Don haka idan don ilimin gidaje da farashi ne, ko kuma da yara za ki kalla, ɗauki House Hunters, ko na ƙasashen waje da ake kira House Hunters International, ki yi haƙuri da tsirfar. Idan ke kaɗai ce kina son labarin talakan da ya samu rufin asiri, na Bromstad ya fi daɗi nesa ba kusa ba. In kuma yaran sun riga sun gani, ki zauna da su ku lissafa harajin da damar cin tare.