Debian, Ubuntu ko Linux Mint: leƙa rumbun manhajojinsu kafin ka zaɓa

Yawancin masu shirin sa Linux a kwamfuta fuskar allo suke kallo: wanne ya fi kyau, wanne ya fi kama da Windows, wanne ba ya nauyi a tsohuwar na'ura. Duk waɗannan ana iya canza su cikin yini guda. Abin da zai bi ka shekara da shekaru shi ne rumbun da kwamfutarka za ta riƙa ɗauko manhajoji daga cikinsa. Wa ke kula da shi? Yaushe ake zuba sabon kaya? Har zuwa wace shekara za a ci gaba da toshe ɓarakar tsaro? Me za ka iya ƙarawa a kai ba tare da tsarin ya wargaje ba?

Ukun nan dangin juna ne. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. A 2004 kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a kan Debian. A 2006 kuma Clément Lefebvre ya fito da Linux Mint, wanda yau yake zaune a kan Ubuntu. Dukkansu ƙunshin .deb suke amfani da shi, wato fayil ɗin da ake naɗe manhaja a ciki, dukkansu umarnin apt ke shigo da manhaja, kuma jerin rumbunansu yana cikin /etc/apt. Wannan kamannin ne ke yaudarar sabon shiga, ya ɗauka duk adireshin rumbun da ya tsinta a intanet zai yi masa aiki muddin ya fara da deb. Kama da wane ba wane ba ne. Ɗauki glibc, ginshiƙin da kusan kowace manhaja take jingine da shi: Debian 12 yana da siga 2.36, Ubuntu 24.04 yana da 2.39. In ka jawo manhajar da aka gina don Ubuntu 24.04 ka kawo ta Debian 12, ko dai apt ya ƙi, ko ya nemi sauya ginshiƙin, ya cire wasu abubuwa da dama a kan hanya. Mutanen Debian har suna suka raɗa wa irin wannan gauraye, FrankenDebian, kuma sun daɗe suna gargaɗi a kansa.

Debian

Rumbun Debian kashi huɗu ne. Akwai main, inda manhajoji masu 'yancin amfani da gyara zalla suke. Akwai contrib, manhajoji masu 'yanci amma da ke dogaro da wani abu marar 'yanci. Akwai non-free, sai kuma non-free-firmware, wanda aka ware tun daga Debian 12 na 2023 bayan ƙuri'ar da masu aikin Debian suka kaɗa a 2022. Wannan na ƙarshen ya sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, domin a cikinsa ake samun abin da ke tada Wi-Fi da wasu kayan cikin kwamfuta. A da mutum kan gama sa Debian ya tarar ba shi da hanyar shiga intanet ɗin da zai sauko da abin da zai ba shi intanet. Wanda ya taso daga Debian 11 zuwa 12 sai ya ƙara wannan kashin da hannunsa, ba ya shigowa da kansa.

Layin rumbu a Debian 13, mai laƙabin trixie, wanda ya fito a Agustan 2025, ga kamanninsa:

deb http://deb.debian.org/debian trixie main contrib non-free non-free-firmware

Ƙarƙashinsa za ka ga layin trixie-security daga security.debian.org, da na trixie-updates. Ka lura laƙabin aka rubuta, ba kalmar stable ba, wadda ke nufin duk sigar Debian da ake yayi a lokacin. Ana iya rubuta stable, amma ban ba da shawarar haka ba: ranar da sabon Debian ya fito, stable zai koma nuni da sabon, sai ka wayi gari apt yana son sauya maka tsarin baki ɗaya alhali sabuntawar yau da kullum ka nema.

Kayan Debian ba sa motsi bayan fitowa. Sigar manhajar da aka fito da ita, ita za ka zauna da ita, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ke shigowa, na kusan shekara uku, sannan wata tawaga ta ci gaba har a cika biyar. Ga uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ko kwamfutar ofis, wannan alheri ne. Ga wanda ya sayi sabuwar na'ura fil, yana iya zama cikas, kuma maganinsa shi ne rumbun backports, inda ake ɗauko sababbin sigogi a sake gina su daidai da tsarin da kake kai. Ƙara shi ba ya sauya komai sai abin da ka nema da bakinka, wato apt install -t trixie-backports sannan sunan manhajar. Dalili shi ne apt yana ba kowane rumbu daraja: na yau da kullum 500, na backports 100, don haka ba ya kutsowa ba a gayyace shi ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi tsabta ta samun sabon kaya a duk dangin.

Ubuntu

Shi ma kashi huɗu ne, amma ma'aunin rabon ya bambanta, kuma nan ne mai zaɓe ya kamata ya tsaya ya karanta da kyau. Main da restricted su ne Canonical ya ɗauki alhakinsu. Universe da multiverse kuwa na jama'ar gari ne masu aikin sa-kai. Universe ya fi main girma nesa ba kusa ba, kuma manhajoji sanannu irin su VLC da GIMP a can suke. In aka ce sigar LTS, wato sigar Ubuntu mai dogon tallafi, tana da tallafin shekara biyar, maganar main ake yi. Samun tabbacin gyaran tsaro a kan universe sai da Ubuntu Pro, shirin ƙarin tallafi na Canonical, wanda kuma ke tsawaita tallafin zuwa shekara goma. Kyauta ne ga mai amfani na kansa har kwamfuta biyar, amma sai ka yi rajista ka ɗaura shi. Mutane da yawa ba su taɓa yi ba, suna zaton komai na cikin na'urarsu yana ƙarƙashin kulawa ɗaya.

Sigar LTS tana fitowa a Afrilun kowace shekara biyu: 22.04 mai laƙabin jammy, 24.04 mai laƙabin noble. Waɗanda ke tsakani wata tara kacal ake tallafa musu. Bayan nan ana kwashe rumbunsu zuwa old-releases.ubuntu.com, sai apt update ya fara zubo maka kuskuren 404 layi bayan layi. In ba kana jin daɗin sake tsarin kwamfutarka duk wata shida ba, kada ma ka kalli waɗannan.

Wanda ya sa 24.04 ya buɗe /etc/apt/sources.list zai tarar babu komai sai ɗan bayani. An mayar da jerin zuwa /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, cikin sabon salon rubutu inda kowane bayani yake da layinsa: Types, URIs, Suites, Components, Signed-By. Ya fi tsohon sauƙin karantawa. Debian 13 ma yana da umarnin apt modernize-sources da ke juya tsohon salo zuwa sabo. Sai dai koyarwa da yawa a intanet har yau tsohon fayil suke nunawa, kuma in ka zuba rumbu ɗaya a wuri biyu apt zai dame ka da ƙorafin maimaici.

Babban abin da ke jan mutane zuwa Ubuntu shi ne kamfanoni da shi suka fi gwada manhajarsu, sannan ga PPA, ƙananan rumbuna na ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi a kan Launchpad. Umarni ɗaya, add-apt-repository, ya wadatar. Amma kowa na iya buɗe PPA, Canonical ba ya tantance abin da ke ciki, kuma ƙunshin .deb yana gudanar da umarninsa na shigarwa da cikakken ikon mai gida. Wanda ka ƙara rumbunsa, ka ba shi damar taɓa ko'ina a kwamfutarka ne, ba yau kaɗai ba, duk ranar da ka yi sabuntawa. PPA na masu manhajar da kansu, to. Na wanda ba ka san ko wane ne ba, wanda rabonsa da sabuntawa shekara uku, bar shi. Ana kuma gina kowane PPA ne don takamaiman sigar Ubuntu, saboda haka ba na Debian ba ne sam.

Sai Snap, wani salon ƙunshin manhaja na Canonical da ya bambanta da .deb. Tun Ubuntu 19.10 manhajar shiga intanet ta Chromium ta koma Snap, Firefox ya biyo baya, har ta kai a 22.04 in ka rubuta apt install firefox, Snap ɗin za a kawo maka. Shagon Snap guda ɗaya ne, na Canonical, kuma manhajojinsa da kansu suke sabuntuwa. Mai sayen data da kuɗinsa ya san abin da hakan ke nufi. Ana iya taka masa birki da snap refresh --hold, ko a ɗauko Firefox daga rumbun apt da Mozilla ta buɗe a farkon 2024.

Linux Mint

Mint rumbu biyu yake haɗawa cikin fayil ɗaya, official-package-repositories.list: nasa na packages.linuxmint.com, da na Ubuntu LTS da yake zaune a kai. Mint 21 a kan jammy yake, Mint 22 a kan noble, da tallafi har 2029. Saboda haka PPA yana aiki, kuma maganar universe ta shafe shi, tunda Ubuntu Pro don Ubuntu aka tanade shi. Tun Mint 20 na 2020 sun toshe Snap da wani ɗan fayil mai suna nosnap.pref, suna gina Chromium da kansu, sun kuma karkata ga Flatpak, wani salon ƙunshin manhaja da ke aiki a kan Linux iri-iri, da shagonsa na Flathub. Manhajarsu ta Software Sources tana gwada saurin wuraren da ke riƙe da kwafin rumbu ta jera maka su ka zaɓa, kuma tana da maɓallin mayar da komai yadda yake tun asali. Ga sabon shiga, wannan maɓallin kaɗai ya isa dalilin zaɓen Mint.

Tarkonsa ɗaya ne, kuma kusan kowa sai ya taka. Umarnin ƙara rumbu da kamfanoni ke bayarwa yakan tambayi kwamfuta laƙabinta da lsb_release -cs. Ubuntu 24.04 zai amsa noble, Mint 22 zai amsa wilma, rumbun kamfanin kuwa bai san wani wilma ba, sai kuskure. Ka buɗe /etc/os-release ka duba layin UBUNTU_CODENAME, laƙabin da ke nan shi za ka rubuta. In kuma LMDE ka sa, wato Mint ɗin da aka gina kai-tsaye a kan Debian, to dokokin Debian ne ke kanka: ba PPA, kuma laƙabin Debian za ka bayar. LMDE 6, alal misali, bookworm ne, wato Debian 12.

Kali Linux fa, da samari ke rububinsa? A kan reshen gwaji na Debian aka gina shi, don masu aikin gwada tsaro. Masu shi da kansu sun hana zuba rumbunsu a wani tsarin, sun kuma hana ƙara baƙin rumbuna a nasu. Ba kwamfutar rubuta aikin makaranta ba ce.

Makulli da data

Ko wanne ka zaɓa, wata rana za ka buƙaci rumbun waje, na Docker ko na Google Chrome ko makamancinsu. Kowane rumbu yana da makullin sa hannu da apt ke tantance kaya da shi. Tsohuwar hanya, apt-key add, an yi watsi da ita, domin makullin da aka shigar ta nan yana iya sa hannu a kan kayan kowane rumbu, har na tsarin kansa. Yanzu ana ajiye makullin a /etc/apt/keyrings, a nuna shi da signed-by a layin rumbun da ya shafa kaɗai. Koyarwar da ta ce ka rubuta trusted=yes don kuskure ya tafi, cewa take ka kashe tantancewar ɗungurungum. Rufe shafin. Kafin ka shigar da komai, apt policy da sunan manhajar zai nuna maka daga wane rumbu za ta fito da darajar kowanne.

Flatpak yana kauce wa rikicin sigogi domin manhajar tana zuwa da abin da take dogaro da shi, amma saukarwar farko takan ci ɗaruruwan megabait ko da manhajar ƙarama ce. Na bayanta da ke amfani da tushe ɗaya sun fi sauƙi. Kada kuma harafin ƙasa a adireshi, irin ng.archive.ubuntu.com, ya sa ka ɗauka lallai uwar garken tana kusa da kai. Gwada saurin ka gani. Mai ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon koyarwa ya sa apt-cacher-ng a na'ura ɗaya, sauran su riƙa bi ta kanta a ƙofa ta 3142. Ƙunshi sau ɗaya zai sauko daga intanet, ko da kwamfuta ashirin ke buƙatarsa. Amfanin ya fi fitowa in duk na'urorin tsari ɗaya ne kuma siga ɗaya.

To wanne? Uwar garke, ko tsohuwar kwamfutar da ake so ta yi aiki ba hayaniya, Debian, da backports in buƙata ta taso. Wanda aikinsa ya rataya a kan manhajar kamfani da ta ce Ubuntu take tallafawa, ya ɗauki LTS ya ɗaura Ubuntu Pro tun ranar farko. Wanda ya baro Windows jiya, kuma datarsa a ƙirge take, Mint na kan Ubuntu, ya rubuta laƙabin Ubuntun da yake kai, noble in Mint 22 ne, a inda zai riƙa ganinsa. Dangin Fedora da Rocky da AlmaLinux kuwa wani gida ne daban, da dnf da /etc/yum.repos.d da rumbunan EPEL da RPM Fusion, kuma babu layin rumbu ɗaya daga cikin na sama da zai yi aiki a can.