Shagon da ke nemo wa mutum asalin rahoto a Kabuga

A jerin shagunan buga takardu na Kabuga, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke kai ayyukansu, akwai wani ƙaramin shago da ya fita daban, domin ban da bugawa da ɗinke takardu, mai shagon yakan zauna da mutum har ya nemo masa asalin rahoton da yake so daga intanet. Abin da ya kai ni shi ne tsohon zargin nan cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana da hannu a fataucin hodar iblis, maganar da ake yawo da ita a WhatsApp ba madogara.

Ya fito mini da rahoton kwamitin Sanata John Kerry na 1989, wanda ya nuna cewa wasu masu tallafa wa 'yan tawayen Kontra na Nikaraguwa sun yi safarar ƙwaya, da na babban sufeton hukumar, Frederick Hitz, na 1998, wanda ya amsa cewa CIA ta ci gaba da hulɗa da mutanen da ake zargi da wannan harka, ko da yake bai sami hujjar cewa hukumar da kanta ta shigar da hodar cikin Amurka ba.

Inda ya fi burge ni shi ne da ya ce, "Malam, kada ka tafi da ɓangare ɗaya." Sai ya haɗa mini labaran da ɗan jarida Gary Webb ya rubuta kan wannan zargi a jaridar San Jose Mercury News a Agustan 1996, tare da martanin Washington Post da New York Times da Los Angeles Times, waɗanda suka yi masa rubdugu har jaridarsa ta ja da baya a Mayun 1997. Wanda ya jera su ya karanta zai ga Webb ya zarce hujjarsa a wasu wurare, amma zai kuma ga manyan jaridun sun fi ba da ƙarfi wajen tonon kurakuransa fiye da bin diddigin hukumar, kuma wannan ya rage mini yarda da su ƙwarai.

Aikin shagon yana da nakasu. Tawada ta dishe a shafukan ƙarshe, ƙananan bayanan ƙasan shafi ba sa karantuwa, kuma da zarar an ɗauke wuta aka tayar da janareta sai farashi ya ƙaru. Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin ɗalibai su cika wurin, ya kuma nemi a ƙara girman rubutu kafin a buga.