Na Duba Wuraren Haɗarin Mota a Google Earth Pro: Abin da Na Gani

Kwana goma ke nan ina amfani da Google Earth Pro wajen duba bayanan haɗarin mota, kuma ina ganin ya dace in faɗa wa masu sha'awar harkar tituna yadda na same shi. Manhaja ce ta kwamfuta da ke nuna taswirar duniya da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma kyauta ce. A da kuɗi ake biya duk shekara, amma tun 2015 aka sake ta ga kowa. Asalinta wani kamfani ne mai suna Keyhole, wanda Google ya saya a 2004, shi ya sa har yau fayilolin da take karantawa ake ce musu KML, K ɗin harafin farko na sunan kamfanin ne.

Bayanan Amurka na yi aiki da su, domin su ne a buɗe. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, tana da rumbun da ake kira FARS tun 1975. Duk haɗarin da ya faru a kan titin jama'a, kuma wani ya rasu a dalilinsa cikin kwana 30, yana shiga ciki. Kowane haɗari layinsa ɗaya: rana, sa'a, yanayin sama, ko da haske ko da duhu, mutum nawa aka rasa, sai lambobi biyu masu nuna daidai inda abin ya faru a doron ƙasa. A 2022 kaɗai mutanen da suka mutu a titunan Amurka sun haura 42,000.

Ban ɗauki ƙasar gaba ɗaya ba. Na tace jihar Fulorida, na cire layukan da aka cike gurbin wurinsu da lambobi irin su 99.9999, wato ba a san wurin ba, sannan na shigar da fayil ɗin. Shigarwar ba wuya. Manhajar takan tambaye ka wane shafi ne na arewa da kudu, wane ne na gabas da yamma, shi ke nan. Idan abin da ka ɗora ya wuce guda 2,500 takan gargaɗe ka, ta ba ka zaɓi ko ka ɗauki samfuri, ko iya yankin da kake kallo, ko duka. Ni na ce duka, tsohuwar kwamfutata kuwa ta sha wahala, fankarta na ta huci. Wanda tasa ba ta da ƙarfi, gara ya tsaya a iya yankin da yake kallo. Ya kuma tanadi data, domin hotunan tauraron ɗan'adam na cin ta sosai.

Da ɗigogin suka bayyana a kan taswira, kowane haɗari ɗigo ɗaya, sai na yi shiru. Na daɗe ina ganin irin waɗannan alƙaluma a takarda, ban taɓa jin nauyinsu haka ba. Na sa manhajar ta bambanta launi: ja ga haɗarin da ya faru cikin duhu, rawaya ga na rana. Sai na gangara gabar yamma, arewa da birnin Tamfa, inda babbar hanyar US-19 ta ratsa gundumar Pasco. Hanyar ta yi ƙaurin suna wajen hallaka masu tafiya a ƙasa, na kuma ga dalili da idona. Ɗigogin sun jeru a kanta kamar carbi, jajaye sun fi yawa. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a can, cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa, cikin duhu abin ke samunsu.

A nan ne manhajar ta fi burge ni. Na danna ɗigo guda, bayanansa suka fito, sannan na ja ɗan mutum-mutumin nan na Street View, mai nuna hoton titi daga ƙasa, na ajiye a wurin. Sai ga ni tsaye a bakin titi. Layin motoci uku a wannan hannu, uku a wancan, ga ƙarin layukan juyawa. Kantuna da gidajen mai da masaukai a dama da hagu, kowanne da ƙofar shigarsa kai tsaye daga kan titi. Na koma sama na ɗauki ma'aunin nisa na auna daga ɗigon zuwa danja mafi kusa da mutum zai iya tsallakawa cikin aminci, na tarar tafiya ce mai tsawo ga dattijo ko mai ɗauke da kaya. Wanda ya sauka daga bas da dare, gidansa na kallonsa a tsallaken titi, ba zai yi wannan zagaye ba. Zai ratsa ne. Takarda za ta ce ya tsallaka a inda bai dace ba. Hoton kuwa ya nuna maka cewa ba a tanadar masa wurin da ya dace a kusa ba.

Sai dai fa a yi hattara. Ɗigo ba ya faɗa maka mota nawa ke bin hanyar a rana. Duk inda jama'a suka yi yawa, dole ɗigogi su yi yawa, don haka birnin Mayami zai fi ƙauye cika ko da titin ƙauyen ya fi haɗari ga kowane mai binsa. Kuma FARS haɗarin da aka rasa rai kawai yake ƙirgawa. Haɗarin da aka karye ko aka nakasa amma ba a rasa rai ba, ba ya ciki, saɓanin na Birtaniya, STATS19, da ke haɗawa har da ƙananan raunuka. Akwai kuma batun lokaci: hoton da kake gani yau ba lallai shi ne yanayin titin ranar haɗarin ba. Maɓallin tsofaffin hotuna ya taimake ni a nan, domin yakan mayar da kai baya shekara da shekaru ka ga ko an ƙara fitilu ko an faɗaɗa hanya.

Ranar Asabar kawuna ya zo gidanmu. Ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Kano da Kaduna kafin ya ajiye. Ya leƙo ya ga abin da nake yi, na yi masa bayani, sai ya ja kujera.

"Ɗana, nuna min hanyar Zariya."

Na juya duniyar da linzami, muka sauka a Kano, muka bi ta Kura har Kwanar Dangora. Tun kafin in faɗi sunan wurin ya gane shi daga sama.

"Tsaya nan. Ka ga inda masu talla ke taruwa? Ka ga inda manyan motoci ke ajiyewa a gefe? Sa alama."

"Kawu, kun taɓa ganin haɗari a nan da idonku?"

Ya ce fiye da sau ɗaya, ya yi addu'a ga waɗanda suka rasu, sannan ya ci gaba da nuna min. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana fitar da alƙaluman haɗurra jiha-jiha, kuma suna da amfani. Abin da kawu ke da shi kuwa wuri ne takamaimai, kwana kaza, gada kaza, bakin kasuwa kaza. Kafin la'asar mun kafa alamomi tara tsakanin Kano da Zariya, kowacce na rubuta mata abin da ya ce yana jawo haɗari a wurin.

Na adana su a fayil ɗin KMZ, wato KML da aka matse, ƙarami ne, yana tafiya ta WhatsApp ba matsala. Kawu ya ce ranar Juma'a in ɗauko kwamfutar mu je tasha, akwai abokan aikinsa biyu da suka fi shi sanin ɓangaren Zariya zuwa Kaduna.