Rigar wane lainbaka za ka saya? Ni dai jan 54 nake cewa, kuma a yi hattara da jabu

Mu masu kallon ƙwallon Amurka ba mu da yawa, amma duk sanda Satumba ta matso kaka za ta fara sai tambayar nan ta dawo, wai jesin wa zan saya. Mai son Mahomes ko wani kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, ba ya buƙatar shawarata, ya je ya saya kawai. Maganata da 'yan uwa masu cewa su tsaro ke burge su, lainbaka, wato ɗan tsaron da ke tsayawa bayan layin gaba, suke so su rataya sunansa a baya, don a nan ake yawan tafka asara, ko ka sayi sunan da ba zai shekara biyu a kulob ɗin ba, ko kuma a ɗora maka jabu da farashin na gaske.

Ba zan ja ku da nisa ba, Fred Warner na San Francisco 49ers, lamba 54, ja. Amma bari in faɗi dalili don kar a ce son kai ne zalla (akwai son kan, ba na musu).

Abu na farko, don Allah a daina zaɓen lainbaka da yawan takil, wato sau nawa ya kayar da mai ƙwallo. Lambar nan tana yaudara sosai. Ma'aikatan filin da ake wasa su ke rubuta ta, kuma idan mutum uku suka taru a kan mai ƙwallo, wanda za a rubuta wa ya taimaka ra'ayin mai rubutu ne kawai. Sannan kulob ɗin da tsaronsa ya lalace ya fi daɗewa a fili, abokan hamayya sai gudu suke da ƙwallo suna cin lokaci, toh dole takil ya taru wa na tsakiya. Takil ɗin da aka yi bayan mutum ya riga ya ci yadi 9 kamar mai gadi ne da ya cafke ɓarawo bayan ya gama miƙa kayan ta katanga, an kama ɗin amma me aka tsira da shi? Ku dubi Foyesade Oluokun, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya fi kowa takil a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a 2021 da 192 lokacin yana Falcons, ya koma Jaguars ya sake zama na ɗaya a 2022 da 184. Ɗan wasa ne mai kyau da kwanya, Yale ya yi, kuma wanda zai sayi rigarsa don kishin gida ban hana shi ba, sai dai Falcons ɗin 2021 babu wanda ke tsoron tsaronsu, 7-10 suka gama, wato sun ci wasa 7 an ci su 10.

Abin da nake kallo ni shi ne me mutum yake yi idan an jefa ƙwallo, don wasan yanzu na jifa ne, kuma masu tsara hari lainbaka suke farauta, su haɗa shi da wanda ya fi shi gudu a tsakiyar fili su yi ta cin yadi a kansa har ya gaji. A nan Warner ya bar sauran. Wanda bai gani ba ya nemo wasansu da Cowboys na Janairun 2023, wanda 49ers suka ci 19-12, akwai inda ya tsaya a bakin layi kamar zai afka wa kwatabak ɗinsu Dak Prescott, ana taɓa ƙwallo ya juya ya bi mai karɓar jifarsu CeeDee Lamb har can cikin fili kafaɗa da kafaɗa, jifar ta tashi a banza. Lainbaka fa, yana bin Lamb! A wasan nan kuma ya cafke jifar Dak guda. A jami'ar BYU dama rabin aikinsa rufe masu karɓar jifa ne, shi ya sa wasu suka rasa inda za su ajiye shi har ya zauna sai zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2018, na 70 aka ɗauke shi. Tun shekarar farko aka ba shi hular mai ɗigon kore, wato shi ke jin muryar koci ta rediyo ya isar wa sauran goma, kuma rediyon nan ana kashe shi idan saura daƙiƙa 15 a agogo, duk wani canji da kwatabak zai yi bayan nan shi kaɗai zai karanta ya gyara wa mutane tsayuwa. Ya shiga sahun farko na All-Pro, wato jerin gwanayen kowane matsayi na shekara, a 2020, 2022, 2023 da 2024.

Na san abin da za a ce, ai tsaron 49ers ya zube a 2024, ina gwanin naka yake? Gaskiya ne ya zube, daga 12-5 da zuwa Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, suka dawo 6-11, a 2023 wajen maki 17 da rabi ake ci musu a wasa, a 2024 ya haura 25, Packers suka yi musu 38-10, mako na gaba Bills suka ƙara musu 35-10 cikin dusar ƙanƙara. Amma sai a duba ta ina ɓarakar ta shigo. Tun a Super Bowl ɗin Fabrairun 2024 da Chiefs abin ya fara, Dre Greenlaw abokin tsayuwar Warner yana shirin rugawa cikin fili daga gefe kawai jijiyar agararsa ta tsinke, ba wanda ya taɓa shi. Travis Kelce na Chiefs da ya kama ƙwallo ɗaya tal ta yadi ɗaya kafin hutun rabin lokaci, sai ga shi ya ƙare da 9 na yadi 93, aka ci su 25-22 a ƙarin lokaci. Aka shiga sabuwar kaka ba Greenlaw, a layin gaba an sallami Arik Armstead, Javon Hargrave ya ji ciwo tun mako na uku, toh idan ƙartin gaba ba sa riƙe masu tare hanya, kai tsaye kan lainbaka suke hawowa, komi iyawarsa sai an ture shi. De'Vondre Campbell da aka kawo ya cike gurbin Greenlaw kuwa, shi aka yi ta jifa a kansa duk kakar, ƙarshe a Disamba ana wasa da Rams aka ce ya shiga ya ce ba zai shiga ba, ya fice daga fili, aka dakatar da shi wasa uku na ƙarshe. Ga canjin kocin tsaro kamar canjin riga, DeMeco Ryans ya tafi, Steve Wilks shekara ɗaya, Nick Sorensen shekara ɗaya, har sai da aka dawo da Robert Saleh a 2025. Shi kuma Warner tun wasan Patriots na mako na huɗu, wanda ya cafke jifa ya kai ta har gida, ya samu tsagewar ƙashi a idon sawu, da allura ya yi ta buga sauran wasannin bai bar ko ɗaya ba. Kafin ciwon, ku tuna yadda ya buge ƙwallo daga hannun Aaron Jones a bakin layin ci a wasan Vikings. Wanda ya kalli kakar nan ya ce Warner ne matsalar, sakamako kawai ya duba da safe.

Sauran fa? Roquan Smith na Ravens, lamba 0, rigar tana da kyau kuma mutumin yana duka, amma a rufe jifa ba sa'an Warner ba ne. Zack Baun na Eagles ya yi kaka mai ban mamaki a 2024 har ya cafke jifar Mahomes a Super Bowl ɗin da suka ci 40-22, sai dai shekara huɗu ya yi a Saints ba a san da shi ba, a ƙara masa lokaci tukuna. Bobby Wagner gwarzo ne amma Seahawks, Rams, Seahawks, Commanders, wace za ka saya? T.J. Watt da Micah Parsons kuwa sunan lainbaka kawai suke amsawa, aikinsu farautar kwatabak ne daga gefe, wani layin ne daban.

Tunda an ambaci Parsons, ga ma'aunin da ni yanzu nake sawa gaba da komi, kwantiragi. Na taɓa zuba kuɗi a rigar wani lainbaka da ba zan kira suna ba, rigar ba ta ma gama sakin ƙamshin sabunta ba ya koma wani kulob, tun daga nan kafin in duba bidiyon mutum sai na duba shekara nawa ta rage masa da kuma ko suna rigima da masu kulob kan kuɗi. Wanda ya sayi rigarsa mai lamba 11 ta Cowboys a damunar 2025 ya san zancen, ana saura mako ɗaya a fara kaka aka sayar da Parsons wa Packers, ya koma lamba 1. Greenlaw ma da nake ƙauna, Broncos ya tafi a Maris 2025. Warner kuwa a Mayun 2025 ya ƙara shekara uku kan dala miliyan 63, wanda ya ɗaure shi har 2029. E, ya karye a idon sawu a wasan Tampa a Oktoban 2025, ba zan ɓoye ba, amma wanda ya tara All-Pro huɗu a riga ɗaya ko yau ya ajiye takalmi rigarsa ba za ta zama abin dariya ba. Mai tsoron duk wannan ya sayi ta wanda ya yi ritaya, Patrick Willis 52, Ray Lewis 52, Luke Kuechly 59, Lawrence Taylor 56, su ba inda za a sayar da su. Shagon NFL na intanet yana da tsarin musanya riga idan ɗan wasa ya canza kulob cikin kwana 90 da saye, amma ka karanta sharuɗɗan, kuma kuɗin aikowa da mayarwa daga nan ba wasa ba ne.

Nau'in rigar ba zan daɗe a kai ba. Nike ke yi, akwai Game wajen dala 130 mai lambar da aka buga, Limited wajen 175, Elite wajen 350 irin ta cikin fili. Game ta ishe ka, ta fi sauƙi a zafinmu, Elite an yanka ta ne don mai sulken kafaɗa, a jikinka wani iri za ta zauna.

Toh yanzu jabu, nan ne zancen yake. Wallahi mafi yawan jesin NFL sababbi dal da ake tallatawa a waya jabu ne, kuma masu sayarwar sun iya baki, za ka ji "orijinal ce Alhaji, daga Amurka aka kawo", ko "ta kamfani ce aka fitar ta bayan gida". Babu wata ta bayan gida. Ni wani ya taɓa turo min hoton ta gaske, da kayan suka iso jan ya koma ruwan lemo, lambar ta kumbura tana ƙyalli kamar leda, wanki na farko ta fara ɓanɓarewa, da na kira shi sai ya ce ai ruwan unguwarmu ne. Don haka kar ka yarda da hoton da aka ɗauko daga intanet, ka ce ya ɗauki rigar da ke hannunsa a bidiyo, ya juya maka cikinta. Farashi shi ne shaida ta farko, sabuwar riga mai ɗinkakkiyar lamba a kan kuɗin da bai kai dala 40 ba, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka duba haruffan sunan, a jabu sau da yawa za ka ga siririn zare ya tsallaka daga harafi zuwa harafi, ko haruffan sun karkace, wani sama wani ƙasa. Ka duba tambarin NFL da ke wuya, ya zauna daidai a tsakiya, taurarin ciki guda 8 ne, kuma a fito da su tsaf. Ka juya cikin, idan ka ga farar takarda ta maƙale bayan ɗinki da zare ko'ina, ajiye masa. Ka duba alamar da ke ƙasa ta gefen hagu da takardar da ke rataye mai sitika mai walƙiya, duk da yanzu ita ma suna kwaikwayonta, kar ka dogara da ita kaɗai.

Tarihi ma yana kama su. Nike ta karɓi ɗinkin rigunan NFL a 2012, kafin nan Reebok ne, Warner kuma 2018 ya shigo, toh duk wanda ya nuna maka Warner mai tambarin Reebok ka san inda aka ɗinka ta. A shekararsa ta farko 48 ya sa, 54 daga 2019 ne. Daga 2022 49ers suka dawo da zane uku a hannun riga da tsohon salon rubutun sunansu a ƙirji, idan aka ce maka ta bana ce ka ga zane biyu, ko tsohuwar ajiya ce ko jabu, ko wanne ne dai kuɗin ya sauka. Haka 0 ta Roquan, sai 2023 aka halatta lambar, kuma a Ravens ya sa ta, idan ka ga 0 a rigar Bears da sunan Smith ka yi dariya ka wuce. Sannan masu cewa riga tana da sa hannun ɗan wasa, kai, wannan kar ma ka tsaya, aikin alƙalamin maka ne na naira ɗari biyu.

Abin mamaki inda aka fi samun ta gaske da araha shi ne gwanjo. Dilolin da ke zuwa daga Amurka suna ɗauke da jesin NFL, kuma mai kayan sau da yawa bai damu da waye a bayan ba, girma da kyan yadi yake sa wa kuɗi. Wanda ke Kano ya leƙa Ƙofar Wambai ranar da aka fasa dila, ba lallai ka samu Warner ba, ya fi yiwuwa ka ci karo da tsohuwar Reebok ta Urlacher 54 ko Ray Lewis, kuma in ka samu ka ɗauka. Amma can ma ka juya ciki ka duba, don Amurkawan su ma suna sayen jabu su gaji su bayar sadaka, ta biyo dila ta iso mana.

Idan za ka saya sabuwa, hanya mafi aminci ka samu ɗan uwa da ke can ya saya a shagon kulob ko na NFL ya riƙo maka in zai zo, da rasit. Idan kuma a nan ne, kar ka tura kuɗi duka sai kaya sun zo hannunka ka duba. Ka ɗauki girman da ka saba sawa, Game tana da ɗan yalwa dama. Kuma ranar da za ka ba mai wanki, ka ja masa kunne ya juya ta ciki, ruwan sanyi, ya shanya a inuwa, kar dutsen guga ya kusanci lambar ko da wasa.